Bakin Ramin da Ciyawa ta Rufe

A cikin watan Nuwamba na shekara ta 2024 ikkilisiyarmu ta Maraɗi ta aike ni Inugu, a ƙasar Ibo, domin in tsaya a madadinta wurin jana'izar wani ɗan'uwa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a cikinmu yana sayar da kayan gyaran mota. Shi ke riƙe da mabuɗin akwatin baiko, ban kuwa taɓa ganin Lahadin da ya makara ba. Da ya rasu sai danginsa suka ɗauki gawar zuwa gida, gama mutanen can ba su son a binne babba a baƙuwar ƙasa in da hali. Aka ajiye shi a ɗakin sanyi mako bakwai kafin a sa rana. Fada bai sami sukunin tafiya ba, sai aka ce katikis ya je. Na tafi tare da ɗan farin marigayin, saurayi mai shekara ashirin da biyu, haifaffen Maraɗi, wanda Hausa ta fi Ibo zama a bakinsa.

Kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Kano ba. Muka bi ta Ɗan Isa da Jibiya, muka kwana a Kano, sa'an nan muka kama hanyar Lafiya da Makurɗi. Da sassafe muka sauka a mahaɗar hanyoyi da ake kira Ninth Mile, watau Mil na Tara. Mata suka kewaye motar da wani abinci mai zafi a ƙunshe cikin ganyen ayaba, sunansa okpa. Na kai baki sai na ji ɗanɗanon gida. Ashe garin gurjiya ne da manja, an dafa shi kamar alala, gurjiyar kuwa da yawanta daga Arewa ake kawo ta. Na ce a raina, abin da matanmu ke shukawa a gefen gona ya riga ni zuwa.

Daga nan hanya ta gangara ta kan tudun Milliken, tana nannaɗewa, dutse a gefe guda, kwazazzabo a ɗaya gefen. Sunan garin ma daga tudu ya samo asali, gama a harshensu ma'anarsa ita ce "kan tudu", ko da yake birnin kansa a gindin tudun yake kwance. Muna cikin gangarawa saurayin ya taɓa ni ya ce, "Baba Katikis, cikin duwatsun nan duk ramuka ne. Kakana ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki."

Ni dai abin da na sani game da kwal kaɗan ne. A lakwal ɗin mishan Mushe ya nuna mana a taswira inda ake haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, ya ce da shi ake ba da wutar lantarki ga Agadas da ma'adinan Arlit. Wana kuma, wanda nake bi, ya yi shekara ashirin da huɗu yana aiki a ramin uranium na Akuta, har ranar da aka rufe shi a ƙarshen watan Maris na 2021. Ya dawo Maraɗi da akwati biyu da tari, ya buɗe ɗan teburin sayar da katin waya a ƙofar gida. Ba ya maganar rami. Mu ma ba mu tambaya.

An yi jana'iza ranar Jumma'a a ƙauyensu da ke kan tudu, cikin yankin Ngwo. Na faɗi saƙon ikkilisiya da Hausa, saurayin ya juya da Turanci. Ba zan tsawaita a kan wannan ba, sai dai in ce ban taɓa ganin taron makoki mai yawan kiɗa da abinci haka ba, kuma da farko abin ya dame ni, daga baya na bar shi a matsayin al'adar masu gida.

Kashegari samarin gidan suka ce ba za a yi baƙo daga wata ƙasa ya koma bai ga abin da garinsu ke taƙama da shi ba. Suka kai ni kurmin Ngwo. Dogayen itatuwa ne miƙaƙƙu da ake kira fain, masu ganye siriri kamar allura, an shuka su layi-layi, ƙasa duk ta rufu da busasshen ganye har ba ka jin tafiyar ƙafarka. Aka biya kuɗin shiga. Wani yaro ya shige gaba yana yi mana jagora, muka gangara wani kwari mai santsi, muka tuɓe takalma muka bi cikin rafi, ruwa iya idon sawu, har muka shiga wani kogon dutse. Rufin kogon a huje yake, ruwa na zubowa ta hujin daga sama tare da hasken rana. Mai karatu, ni mutumin ƙasar da ake sayen ruwa a garwa ne. Na tsaya na rasa ta cewa, sai da na tuna na yi godiya ga Mahalicci.

Ba mu kaɗai ba ne a wurin. Akwai 'yan makaranta cike da mota guda, da wasu ango da amarya da mai ɗaukar hoto, da matasa daga Legas da Abuja, kowa da waya a hannu. Masu sayar da gasasshiyar masara da lemo suna ciniki a bakin ƙofa. Samarin suka ce akwai wani ruwan da ya fi wannan tsawo a Awhum, kusa da gidan masu zaman zuhudu na Katolika, inda mutane ke zuwa addu'a suna ɗibar ruwan a jarka. Suka ce nan gaba da baƙi garin zai ci abinci. Gwamnansu, Peter Mbah, wanda ya hau kujera a 2023, ya sa wannan harka a gaba ƙwarai. Bayan na dawo gida na ji labarin shirin ɗaura doguwar igiyar ƙarfe a kurmin nan wadda mutum zai rataya ya zame a kanta ta sama, na kuma ji jihar ta kafa kamfanin jiragen sama nata a 2025.

A bakin ruwan nan ne saurayin ya tambaye ni ko na san asalin sunan da muke kiran mutanensa da shi a kasuwa, Inyamurai. Na ce a'a. Ya ce an ce daga maganarsu ne ta roƙon ruwa, "ba ni ruwa". Ya faɗa yana dariya, gama shi ma tun yana yaro da sunan ake kiransa a unguwa. Ni ban yi dariya ba. Shekara talatin ina cin abinci da ubansa.

Da maraice muka tarar da kakan a zaune a ƙofar ɗakinsa. Tsoho ne mai shekara tamanin da huɗu, gajere, kafaɗunsa sun ranƙwafa gaba, a bayan hannuwansa akwai wasu tabo shuɗi-shuɗi, inda ƙurar kwal ta shiga rauni fata ta rufe a kanta. Tun zuwana bai ce mini kome ba ban da gaisuwa, na ɗauka baƙin cikin binne ɗa ne. Ya tambayi jikansa ina aka kai baƙo. Aka gaya masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Sun nuna masa abin da Allah ya yi. Gobe ni zan nuna masa abin da muka yi."

Aka yi ta hana shi saboda ƙafa, ya ƙi. Da safe muka ɗauki keke mai ƙafa uku, ni da shi da jikan, muka gangara kwarin Iva. Muka wuce tsofaffin gidajen leburori, dogayen ɗakuna a jere da rufin kwano mai tsatsa, har yanzu da mutane a ciki. Inda keken ya kasa, muka taka. Tsohon na tafe yana hutawa, yana magana, jikan na juya mini. Sau da yawa yaron yakan tsaya ya ce bai san kalmar ba, gama Ibon da ya koya a Maraɗi na cikin gida ne da na shago, ba na rami ba. Sai tsohon ya ajiye sanda ya nuna da jikinsa.

Ga abin da na tattara daga bakinsa, da abin da na bincika daga baya na tarar haka ne. Turawan Ingila sun gano kwal a wajen Udi a 1909, suka fara haƙa a 1915. Saboda kwal ɗin ne aka shimfiɗa layin dogo zuwa bakin teku, saboda shi kuma aka gina tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. Kafin nan babu birnin Inugu, sai ƙauyuka a kan tudu. Da fari mutane ba su so shiga rami ba, sai aka bi ta hannun sarakunan da Turawa suka naɗa, babbansu Onyeama na Eke, suna tara ƙarti na tilas. A hankali aikin ya zama abin nema. A ƙarshen shekarun 1950 ana fitar da sama da tan 900,000 a shekara, dubban mutane na cin abinci a ciki. Da kwal ɗin nan jiragen ƙasa ke tafiya har Kano da Nguru, watau gyaɗar da kakanninmu suka noma, in ta bi ta Kano, da gumin mutanen nan aka ja ta zuwa teku. A daidai wannan lokaci tsohon ya shiga aiki, yana ɗan shekara goma sha takwas.

Ramukansu ba kamar rijiya suke ba. A kwance suke, ana shiga ta gefen dutse a yi ta tafiya ciki. Akwai masu sara da diga, su ne manya, su ke da albashi mai tsoka. Akwai masu tura akwatin ƙarfe a kan ɗan siririn dogo, akwai masu tokare rufi da gungumen itace. Ana barin ginshiƙai na kwal ɗin kansa su riƙe dutse, in an gama da wuri sai a dawo ana cin ginshiƙan ana ja da baya, wannan kuwa shi ne aiki mafi haɗari. Ya ce itace yakan yi ƙara kafin rufi ya faɗo, wanda ya iya sauraro shi ke tsufa. Ya tsuguna ya nuna mini yadda ake sara a durƙushe, ruwa na ɗiga a baya, zafi ya sa an tuɓe riga. Da ya zo tashi sai da muka kama shi mu biyu.

Abin da ya kashe aikin ba abu ɗaya ba ne. An sami man fetur a Oloibiri a 1956, reluwe ta koma injuna masu shan gas, wutar lantarki ta koma ga madatsar Kainji da iskar gas. Yaƙin basasa ya zo a 1967, Inugu ta zama hedkwatar Biyafara, aka gudu aka bar ramuka, ruwa ya cika su. Bayan yaƙi an sake buɗewa, har an kawo injuna daga Polan a shekarun 1970, amma ba su yi ƙarko ba. Aikin ya yi ta ja da baya har ya tsaya a farkon shekarun 2000. Tsohon ya ce da a ce rami na ɗaukar mutane, da ɗansa bai je ƙasarku ba. Ya faɗi haka ba da zargi ba. Amma sai a lokacin na gane cewa mutuwar kwal ce ta ba ikkilisiyarmu ma'aji. Ya kuma yi maganar kuɗin fansho da aka yi ta ja musu rai a kai har abokansa da yawa suka mutu suna jira, amma bai daɗe a kanta ba.

Muka iso. In ba don shi ba da na wuce ban gani ba. Wani baki ne a jikin dutse, an ɗaure shi da siminti tun zamanin da, ciyawa da kurangar daji sun sauko sun rufe rabinsa. Wani ruwa ja-ja kamar tsatsa na fitowa daga ciki, ya rina duwatsun da yake bi. Ya ce kada in taɓa a baki, yana da tsami, kuma rafi yake gangarawa. Iska mai sanyi na busowa daga duhun. A inda muka tsaya babu allo, babu mai karɓar kuɗi, babu mai hoto, sai wata mata da ke yankan ganyen rogo a can gefe.

Nan ya zauna a kan dutse ya ba ni labarin ranar Jumma'a, 18 ga Nuwamba, 1949. Yana da shekara tara. Ubansa mai sara ne a Iva. Ma'aikata na neman wasu kuɗaɗen baya da suka ce an danne musu, suka rage hannu a aiki, aka kori masu sara, su kuwa suka zauna a rami suka ƙi fita. Gwamnati ta ji tsoron nakiyar fasa dutse da ke ajiye za ta faɗa hannun 'yan siyasa masu neman 'yanci, ta aiko 'yan sanda su kwashe. Ma'aikata suka ɗauka in an kwashe nakiya to rufe ramin za a yi. Suka taru a bakin rami suna waƙa suna buga ƙafa. Baturen da ke jagorantar 'yan sandan, Sufurtanda Philip, ya buɗe wuta, na bayansa suka bi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni, da yawansu a baya harsashi ya same su. Uban tsohon ya dawo gida da jinin wani a rigarsa. Labarin ya tada tarzoma a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba, ya kuma haɗa kan 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna. Shekara goma sha ɗaya bayan haka Nijeriya ta sami mulkin kai.

Sai ya ƙara wata magana, jikan ya yi shiru bai juya ba. Na ce, "Me Baba ya ce?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya ce 'yan sandan da aka kawo, da yawansu daga Arewa ne. Ya ce babansa ya ce harshen da suke yi da juna shi ne wanda ni da kai muke yi yanzu."

Na so in ce ni ba ɗan Nijeriya ba ne, kakana talakan Faransa ne, shi ma aikin tilas ya sha. Na so in ce Bature ne ya ba da umarni, kuma da gangan ake kawo mutanen nesa domin kada su ji kukan wanda ke gabansu. Duk gaskiya ne. Amma na dubi tsohon da ya binne ɗansa shekaranjiya, wanda ya kwana uku yana jin jikansa na magana da wannan harshe a cikin gidansa, na ga ba gardama ce ta kawo mu ba. Na ce wa yaron, "Gaya masa na ji. Gaya masa ban sani ba, yanzu na sani." Tsohon ya kaɗa kai. Can sai ya yi murmushi ya ce, ai magajin garin Inugu na farko ma mutuminku ne, Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, mu muka zaɓe shi a shekarun 1950. Ya ce in haɗa wannan da wancan in kai gida.

A hanyar komawa ya sa mai keke ya bi da mu ta shataletalen Sabuwar Kasuwa, inda aka kafa mutum-mutumin tunawa da waɗanda aka harbe. Motoci na zagaye shi ba tsayawa. Muka zagaya sau biyu domin in gani da kyau.

Ba na ƙin abin da samarin nan ke fata. Yaron da ya yi mana jagora a kogo ya sami na abinci ranar nan, bai kuwa shaƙi ƙura ba, rufi bai yi barazanar faɗo masa ba. Kowane uba zai fi so ɗansa ya nuna ruwa da ya sari dutse a durƙushe. Sai dai ni ɗan Nijar ne, na ga Agadas. Akwai lokacin da jirage ke sauke Turawa su tafi duwatsun Ayar da hamadar Tenere, direbobi da maƙeran azurfa da masu raƙuma duk suna samu. Tawayen 2007 ya zo, aka sace baƙi a Arlit a 2010, sai ƙafa ta ɗauke. Ko da aka sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, masu zuwa kallo sun riga sun watse. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Abin da ya ɗan kwantar mini da rai a Ngwo shi ne masu zuwan 'yan ƙasa ne, ba sai an jira jirgi daga Faransa ba. Amma ruwa mai zubowa daga dutse akwai shi a wurare da yawa. Kwarin Iva ɗaya ne, mutanen da suka san cikinsa kuwa saura kaɗan, kuma ba a dasa su kamar itacen fain. Da ni ake shawara, da na ce a fara da su tun suna iya tsugunawa su nuna, a biya su kamar yadda ake biyan mai jagora, igiyar zamiya ta jira.

Uwar saurayin ta so ya zauna a Inugu, wani ɗan'uwansu ya ce zai sama masa aiki a wani sabon masauki. Shi kuwa ya ce shagon ubansa na Maraɗi, da bashin da ake bin uban da wanda yake bi. Suka daidaita a kan zai ƙara mako biyu. Ranar da zan taso na bar shi zaune a gaban kakansa, ya ajiye waya a kan kujera tana ɗaukar magana, yana tambayar sunan kowane abu na rami da Ibo yana rubutawa da Hausa a gefe.

Tsohon ya ba ni guzurin wani dunƙulen kwal kamar ƙwan agwagwa, wanda ya ciro daga ƙarƙashin gadonsa. A kan iyaka ma'aikacin duwan ya juya shi a hannu ya ce, "Malam, gawayi ka ɗauko tun daga Inugu?" Na ce tsaraba ce.

Da na isa gida, bayan an ci tuwo, na kai wa wana. Ya karɓa ya auna nauyinsa a tafi, ya kankare da farce, ya sansana. Ya ce, "Rufin nasu ina ya kai?" Na nuna masa da hannu daidai inda tsohon ya nuna mini. Ya ce, "Kai. Namu mota na shiga." Ya yi shiru. Sa'an nan ya ce, "Da me suke fitar da ruwa?" Na faɗi abin da na ji. Ya gyara zama ya fara gaya mini yadda ake sauka Akuta, zurfin mita 250, da ɗan abin da ake maƙala musu a jiki mai auna gubar da ido ba ya gani, da sunayen waɗanda suke shiga tare, da inda kowannensu yake yanzu. Matarsa ta leƙo sau biyu ta koma. Da ta leƙo na uku sai ta kawo mana bargo.